Tambayoyi da amsoshi kan Wojna domowa, wasan barkwancin iyali na Poland mai kashi 15

A tsakanin 1965 da 1966 gidan talabijin na gwamnatin Poland ya nuna wani wasan barkwanci mai suna Wojna domowa, wanda ya ƙunshi kashi 15 kacal, amma har yau mutanen ƙasar suna lissafa shi cikin shirye-shiryen da suka kafa harsashin wasan kwaikwayon talabijin a harshensu. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda mai son sanin shirin zai fi buƙatar amsarsu.

Wane irin shiri ne Wojna domowa?

Wasan barkwanci ne na talabijin, baƙi da fari, wanda aka yi da harshen Poland, kuma labarinsa yana gudana ne a birnin Warsaw. Jerzy Gruza ne ya ba da umarni, Telewizja Polska kuma, wadda a lokacin ita kaɗai ce gidan talabijin a ƙasar, ita ta nuna shi. Ma'anar sunan ita ce yaƙin cikin gida, wanda a harshensu da shi ake kiran yaƙin basasa, sai dai a nan ba a harba ko harsashi ɗaya ba, domin masu yaƙin iyaye ne da 'ya'yansu da suka fara tasawa, filin dagar kuwa falo ne da ɗakin girki.

Su wane ne mutanen da ke cikin labarin?

Gidaje biyu ne na maƙwabta a bene ɗaya. Gida na farko shi ne na Kazimierz Jankowski da matarsa Zofia da ɗansu Paweł, saurayi ɗan makarantar sakandare. Gida na biyu shi ne na Henryk Kamiński da matarsa Irena, waɗanda ba su da ɗa nasu, amma suna riƙon wata yarinya daga dangi mai suna Anula, sa'ar Paweł. Wannan tsari yana da hikima, domin ya ba shirin iyaye iri biyu da za a auna. Na farko sun yi shekara goma sha suna fama da ɗansu har sun gaji, na biyu kuwa an miƙa musu budurwa rana tsaka ba tare da sun taɓa rainon jariri ba, saboda haka kowane gida yana kallon ɗayan yana ganin kamar shi ya fi iya tarbiyya.

Zofia uwa ce mai yawan fargaba, wadda ƙaramin abu yake tayar mata da hankali, mijinta kuwa mutum ne mai sanyin jiki da kaifin baki, wanda yakan faɗi magana mai ban dariya fuskarsa a ɗaure. Irena ta fi su kuzari da son tafiya da zamani. Mai karatu zai lura cewa ana ce wa miji Jankowski, matarsa kuma Jankowska; haka al'adar sunayen iyali take a can, ƙarshen sunan yana canjawa idan mace ce.

Daga ina labarin ya samo asali?

Daga mujalla ya fito. Marubuciya Mira Michałowska, wadda take sa hannu da sunan alƙalami Maria Zientarowa, ta daɗe tana rubuta gajerun labaran ban dariya game da rayuwar iyali a Przekrój, mujallar mako-mako ta birnin Krakow da aka kafa a 1945 ƙarƙashin edita Marian Eile. Przekrój ta yi suna a matsayin tagar da masu karatu a Poland suke leƙen duniyar Yamma ta cikinta, ta fuskar tufafi da zane da ladubban zaman birni, a lokacin da sauran jaridu suka cika da jawaban shugabannin jam'iyyar gurguzu mai mulki. Ita kanta marubuciyar mai fassara ce, kuma matar jami'in diflomasiyya Jerzy Michałowski ce, wanda ya wakilci Poland a Majalisar Ɗinkin Duniya, daga baya kuma ya zama jakada a Amurka.

Wannan asali ya bar alamarsa a jikin shirin. Rubutun shafin mujalla ba ya buƙatar dogon labari mai ƙulli da warwara. Abin da yake buƙata shi ne ƙaramin al'amari guda da za a juya shi ta kowane gefe har a ga abin dariyar da ke cikinsa. Haka kowane kashi na Wojna domowa yake, yana tsayuwa da ƙafarsa, kuma wanda ya fara daga tsakiya ba zai ɓace ba.

A kan me ake wannan yaƙi na cikin gida?

A kan gashi da makaranta da kiɗa da kuɗin kashewa, wato abubuwan da babba yake gani ba su taka kara sun karya ba, yaro kuma yake ganin a kansu duniyarsa ta rataya. Sunayen kashi-kashin ma sun isa su nuna haka. Akwai Bilet za fryzjera, wanda sunansa ke nuna ciniki tsakanin iyaye da ɗa, a ba shi tikiti shi kuma ya je shagon aski. Akwai Wywiadówka, wato taron iyaye da malamai. Akwai Dzień Matki, ranar uwa, wadda a Poland ake yi ran 26 ga Mayu. Akwai kuma Zagraniczny gość, baƙo daga ƙasar waje, wanda a ƙasar da fasfo yake hannun hukuma ba ƙaramin al'amari ba ne a gida.

Maganar gashi tana buƙatar bayani, domin a 1965 ba kwalliya kaɗai ba ce. Shekarun ne da waƙoƙin The Beatles, ƙungiyar mawaƙa ta Birtaniya, suka ratsa Turai, har suka tsallaka zuwa ƙasashen gurguzu ta rediyo da faya-fayen da matafiya ke shigowa da su. Hukumomi ba sa son sunan da Turawan Yamma suke kiran wannan kiɗa da shi, wato rock and roll, saboda haka a Poland aka laƙaba masa bigbit, sunan da ake danganta ƙirƙirarsa ga Franciszek Walicki, mutumin da ya kafa ƙungiyoyin kiɗa na Czerwono-Czarni da Niebiesko-Czarni. A 1965 ɗin ne kuma aka kafa Czerwone Gitary, wadda ta zama ƙungiyar da matasa suka fi so. Saurayin da ya bar suma ta rufe masa kunne yana sanar da kowa ɓangaren da yake, malamai da iyaye kuma sun fahimci saƙon sarai. Shekara guda bayan ƙarewar shirin, a watan Afrilun 1967, mawaƙan Birtaniya The Rolling Stones suka yi wasa a babban zauren taro na Fadar Al'adu da Kimiyya a Warsaw, matasan da ba su sami shiga ba suka yi arangama da 'yan sanda a waje. Paweł ɗan wannan zamani ne, sai dai shi tawayensa bai wuce ƙofar gida ba.

Taron iyaye da malamai kuwa duk wanda ya yi makaranta a Poland ya san ranar. Iyaye sukan je da yamma bayan an tashi daga aiki, su zauna a kan kujerun 'ya'yansu da suka yi musu kaɗan, malamar aji ta buɗe rajista ta bi sakamako da halin kowane ɗalibi, sauran iyaye suna saurare. A lokacin maki daga 2 zuwa 5 yake tafiya. 5 shi ne mafi kyau, 2 kuma faɗuwa ce, kuma akwai wani kashi na shirin, Dwója z azymutu, da sunansa ya ɗauko wannan maki na faɗuwa. Yaro yana gida yana jiran ƙarar mabuɗi a ƙofa, bai san da wace fuska uwarsa za ta shigo ba, uwar kuma tana hanya tana lissafin abin da za ta faɗa wa uban da abin da za ta ɓoye. Marubucin barkwanci ba sai ya ƙara gishiri a irin wannan yammaci ba.

Akwai dalilin da ya sa maganar matasa ta cika gari a lokacin. Bayan yaƙin duniya na biyu an sami yawaitar haihuwa sosai a Poland, yaran da aka haifa wajen 1950 kuma su ne suka kai shekara 15 a 1965. Yawansu ya sa gwamnati ta ƙaddamar da shirin gina makarantu dubu domin bikin cikar ƙasar shekara dubu. Iyayensu sun ga mamayar Jamus da yunwa da rushewar Warsaw, su kuwa yaran ba su ga ko ɗaya ba, abin da ya dame su shi ne jita da wando mai matse ƙafa. Tazarar da ke tsakanin uba da ɗa a wannan zamani ta fi ta shekaru kawai.

Wane ne mutumin da ke neman busasshen burodi?

Shi ne abin da aka fi tunawa da shi a shirin baki ɗaya. Wani baƙo ne, wanda Jarema Stępowski ya fito a matsayinsa, da yakan buga ƙararrawar ƙofa a kai a kai, sau da yawa daidai lokacin da rigima ta yi tsami, ya yi tambayarsa guda cikin ladabi, ko akwai busasshen burodi da za a ba doki. Tambayar, Czy jest suchy chleb dla konia, ta fita daga talabijin ta shiga bakin jama'a, har waɗanda ba su taɓa zama sun kalli shirin ba sun san ta.

Tambayar ba daga sama ta faɗo ba. A shekarun 1960 ana ganin keken doki a titunan biranen Poland yana dakon gawayi da kaya, kuma mutanen ƙasar, musamman waɗanda suka ga yunwar yaƙi, suna ɗaukar jefa burodi a shara a matsayin abin kunya, saboda haka gidaje da yawa sukan tara wanda ya bushe a jaka har a sami mai dabba. Abin dariyar yana cikin lokacin da mutumin yake zuwa. Uwa tana tsakiyar faɗa, uba yana neman hanyar tsira, sai a ji ƙararrawa, dole kowa ya gyara fuska ya amsa wa baƙo da mutunci, sannan a rufe ƙofa a rasa inda aka tsaya. A ganina wannan dabara ce ta daraktan da ya san cewa rigimar gida idan ta yi tsawo a allo takan daina ba da dariya ta koma ba da haushi, sai ya tanadi abin da zai katse ta.

Me ya sa shirin ya tsaya a kashi 15?

Mai kallo na yau, wanda ya saba da shiri mai dogon zango da ke kai ɗaruruwan kashi, zai ɗauka gajarta alamar faɗuwa ce, amma a Poland ta wancan lokaci ba haka lissafin yake ba. Talabijin ɗin ƙasar ya fara watsa shiri ne a 1952, tasha ta biyu ba ta zo ba sai 1970, mai launi kuma sai 1971. Wasan kwaikwayo mai kashi-kashi sabon abu ne ƙwarai. Barbara i Jan, wanda ake ɗauka a matsayin na farko a ƙasar, bai girmi Wojna domowa da wani lokaci mai tsawo ba. Ana yin irin waɗannan shirye-shirye ne kamar yadda ake yin fim, a amince da rubutu, a ware kuɗi daga baitulmalin gwamnati, a ɗauka, a nuna, a wuce zuwa wani aiki.

Idan aka dubi sa'o'insa za a ga cewa 15 ba ƙaramin adadi ba ne. Czterej pancerni i pies, labarin sojojin tankar yaƙi da karensu, wanda yara suka haukace a kansa daga 1966, kashi 21 ne. Stawka większa niż życie, labarin ɗan leƙen asiri, kashi 18 ne. Alternatywy 4 na darakta Stanisław Bareja, wanda ya zo daga baya, kashi 9 ne kacal. Babu ɗaya daga cikinsu da ya rasa masu kallo. Tasha ɗaya ce a ƙasar, ba ta da abokiyar gasa, kuma ba da kuɗin talla take rayuwa ba, don haka babu wanda zai matsa wa darakta ya ci gaba da tatsar labari saboda masu saye suna biya. Su ma 'yan wasan ma'aikatan gidajen wasan daɓe ne da suke da aikinsu na kowane dare, talabijin ƙari ne a kai.

Akwai kuma abin da ya shafi labarin kansa. Shirin da aka gina a kan yara 'yan shekara 15 yana da wa'adi, domin yaran girma suke yi. Da an ja shi shekara biyar, da Paweł ya gama makaranta ya shiga jami'a ko aikin soja, da kuma yaƙin aski ya zama tarihi.

Yaya aka yi gwamnatin gurguzu ta bar mutane suna dariya a talabijin ɗinta?

Ta bari ne saboda ba ita ake yi wa dariyar ba. Władysław Gomułka ne shugaban jam'iyya mai mulki daga 1956 zuwa 1970, kuma duk abin da za a buga ko a nuna sai ya bi ta hukumar tacewa da ke titin Mysia a Warsaw, wadda ba a rushe ta ba sai 1990. Masu tarihi suna kiran waɗannan shekaru zamanin ƙaramin kwanciyar hankali, wato an daina kame-kamen zalunci irin na zamanin Stalin, amma ba a sami 'yanci ba, mutane sun mai da hankali ga samun ɗaki da firji da akwatin talabijin. Wasan da ya tsaya a cikin falo ya dace da wannan yanayi.

Abin lura shi ne irin abubuwan da suke faruwa a waje a daidai watannin da ake nuna shirin. A watan Nuwamban 1965 limaman cocin Katolika na Poland suka aika wa takwarorinsu na Jamus wasiƙar yafiya da sulhu, gwamnati ta fusata, a 1966 kuma aka yi ta ja-in-ja tsakanin jam'iyya da Kadinal Stefan Wyszyński, shugaban cocin Katolika na Poland, kan bikin cika shekara dubu da shigar ƙasar addinin Kirista. Babu ruwan gidan Jankowski da wannan takaddama. Wanda ya kwatanta shi da Alternatywy 4, da aka kammala a farkon shekarun 1980 amma aka riƙe shi sai 1986 saboda yadda ya yi wa tsarin mulki shaguɓe, zai ga bambanci tsakanin barkwancin da ya taɓa hukuma da wanda ya kauce mata.

To, hoton gaskiya ne na rayuwar Poland a lokacin?

Hoton wani yanki ne na rayuwar, kuma a nan ne shirin yake da rauni idan za a ɗauke shi shaidar tarihi. Mutanen cikinsa 'yan boko ne na babban birni, masu magana a tsanake, masu kiran maƙwabci da pan da pani, wato malam da malama, ko da ransu a ɓace yake. A tsakiyar shekarun 1960 kuwa kusan rabin al'ummar ƙasar a ƙauye suke zaune, gidaje da yawa ba su da akwatin talabijin, har maƙwabta kan taru a gidan mai shi domin kallo. Ƙarancin muhalli ma ya yi tsanani. Gidajen da aka gina a zamanin Gomułka sun yi ƙaurin suna da ƙanƙanta, wasu har ɗakin girkinsu ba shi da taga, ma'aurata kuma sukan yi shekaru a layin jiran ɗaki suna zaune tare da surukai. Ɗan ma'aikacin haƙar kwal a yankin Silesia ko ɗan manomi a gabashin ƙasar ba lallai ya ga gidansu a gidan Paweł ba.

Duk da haka abin da shirin ya kama ya kama shi da kyau, kuma babban abin yabonsa shi ne bai ɗauki ɓangare ba. Da sauƙi ƙwarai a wancan zamani a yi wasan wa'azi da zai nuna matashi mai suma a matsayin ɓatacce wanda daga ƙarshe zai tuba ya yi aski. Wojna domowa bai yi haka ba. Yaran suna da wauta, iyayen ma suna da tasu, kuma sau da yawa babban ne yake ƙarewa da jin kunya.

Su wane ne 'yan wasan?

Manyan huɗu duk ƙwararru ne da suka yi suna tun kafin shirin. Irena Kwiatkowska, wadda ta fito a Zofia, an haife ta a 1912, ta rasu a 2011, kuma masu kallo sun riga sun san ta daga Kabaret Starszych Panów, shirin waƙa da barkwanci na Jeremi Przybora da Jerzy Wasowski. Kazimierz Rudzki, uban Paweł, fitaccen mai gabatar da taro ne kuma malami a makarantar koyon wasan kwaikwayo ta Warsaw; ya yi zaman fursunan yaƙi a sansanin hafsoshi na Woldenberg a hannun Jamusawa, ya rasu a 1976. Alina Janowska, wato Irena, ta yi aikin kai saƙo a boren da mutanen Warsaw suka yi wa mamayar Jamus a 1944, ta rayu har 2017. Andrzej Szczepkowski ne ya fito a Henryk. Tsakanin ma'auratan biyu akwai tazarar kusan shekara goma, domin Janowska da Szczepkowski duk 'yan 1923 ne, kuma ana ganin wannan tazara a yadda kowane gida yake tunkarar yaronsa.

Yaran biyu 'yan 1950 ne. Elżbieta Góralczyk ce Anula, ta rasu a 2008. Krzysztof Musiał, wanda daga baya aka fi sani da Krzysztof Janczar, shi ne Paweł. Ɗan jarumi Tadeusz Janczar ne, kuma ya yi shekaru yana zaune a Amurka. Kiɗan shirin kuwa aikin Jerzy Matuszkiewicz ne, ɗaya daga cikin magabatan kiɗan jaz a Poland, wanda ya yi wa shirye-shirye da dama na wannan zamani kiɗa.

Daraktan ya sake yin wasan iyali bayan wannan?

Ya sake, kuma na biyun ya fi na farko shahara. Daga 1974 Gruza, tare da marubuci Krzysztof Teodor Toeplitz, ya yi Czterdziestolatek, mai kashi 21, labarin injiniya Stefan Karwowski da ya cika shekara 40 ya shiga ruɗanin tsakiyar rayuwa. Andrzej Kopiczyński ne injiniyan, Anna Seniuk matarsa Magda, kuma an ɗauki shirin a wuraren manyan ayyukan Warsaw na zamanin Edward Gierek, wanda ya gaji Gomułka a shugabancin jam'iyya, irin su babbar hanyar Łazienkowska da babbar tashar jirgin ƙasa ta tsakiyar birni. Gruza bai manta da dabarar mai buga ƙofa ba. A wannan karo Irena Kwiatkowska ce take bayyana kowane lokaci da sabuwar sana'a, tana cewa ita mace ce mai aiki, kuma babu aikin da take tsoro.

Akwai wasan iyali na Poland da gajartarsa ta faɗuwa ce?

Akwai, kuma misalin da ya fi fitowa fili shi ne Wszyscy kochają Romana, wanda tashar TVN mai zaman kanta ta fara nunawa a watan Satumban 2011. Aro ne daga Everybody Loves Raymond na Amurka, wanda tashar CBS ta nuna daga 1996 zuwa 2005, zango 9, kashi 210, labarin magidancin da iyayensa suke zaune daf da gidansa suna sa baki a komai, musamman uwar da ba ta ganin girkin surukarta da daraja. Bartłomiej Kasprzykowski ne ya fito a Roman, Anna Seniuk kuma, wadda ta yi matar injiniya a wajen Gruza, ta dawo a matsayin uwar miji. Bayan kashi huɗu tashar ta janye shirin saboda ƙarancin masu kallo.

A nan ne ake ganin yadda duniya ta juya. Polsat, wata tashar mai zaman kanta, ta fara aiki a 1992, TVN a 1997, tun daga nan kuma talla ce take ciyar da tasha, alƙaluman masu kallo suna fitowa washegari, shirin da bai jawo jama'a ba a makonnin farko ba a ba shi damar ya gyara tafiyarsa. Wojna domowa ya yi gajarta ne a zamanin da ƙirgar masu kallo ba ita ce take yanke wa shiri hukunci ba, Roman kuwa ƙirgar ce ta kashe shi.

Ke nan aro daga waje ne ya jawo faɗuwar?

Da wuya a ce haka, domin shaidu sun saɓa. Wannan labarin na Raymond da bai karɓu a Poland ba, Rashawa sun are shi a 2009 da sunan Voroniny a tashar STS, ya yi shekara goma ana nuna shi, har adadin kashinsa ya zarce na asalin. A Poland ɗin ma Miodowe lata, da Polsat ta nuna daga 1998 zuwa 2003, aro ne daga wani tsohon wasan Amurka na shekarun 1950, amma Cezary Żak da Artur Barciś sun mai da shi na Warsaw tsaf, ɗaya direban taragon lantarki, ɗaya ma'aikacin magudanar ruwa. Niania ta TVN, daga 2005 zuwa 2009, ita ma aro ce kuma ta karɓu. Abin da ya fi jan hankali shi ne Rodzinka.pl, wanda TVP2, tasha ta biyu ta Telewizja Polska, ta fara a shekarar da Roman ya faɗi. Daga Kanada aka aro shi, labarin ma'aurata da 'ya'yansu maza uku, ya kuma shafe kusan shekara goma a allo. A ɗaya gefen akwai Świat według Kiepskich, ɗan gida da aka ƙaga a Wrocław, wanda ya yi daga 1999 zuwa 2022 da kashi fiye da 500.

Ra'ayina shi ne Raymond ya fi sauran wuyar dasawa, domin an ɗinka shi ne a jikin mutum ɗaya, Ray Romano, jarumin shirin na asali, daga barkwancinsa na daɓe da rayuwar iyalinsa, kuma dariyarsa tana cikin dogon shiru da kallon-kallo tsakanin 'yan wasan da suka shekara suna sabawa da juna. Irin wannan sabo ba ya samuwa a mako huɗu. Rodzinka.pl kuwa gajerun fitowa ne a jere game da aikin gida da makaranta da wayar hannu, kuma ta wannan fuska ya fi kusa da tsarin da Zientarowa da Gruza suka bi fiye da yadda asalinsa na waje zai sa a zata.

Wanda ba ya jin harshen Poland zai iya jin daɗin Wojna domowa?

Zai sami wani abu, amma ba duka ba. Yawancin dariyar a magana take, musamman ta Rudzki, wanda gwanintarsa ita ce faɗin abu mai nauyi da murya ɗaya ba hawa ba sauka, kuma irin wannan yakan zube a fassara. Abin da zai tsira shi ne wasan jiki na Kwiatkowska, wadda fuskarta da hannayenta suke gaya wa mai kallo halin da take ciki tun kafin ta buɗe baki, sai kuma kayan ɗaki da tufafi da titunan Warsaw na shekarun 1960, waɗanda ɗalibin tarihi ko mai nazarin fim zai amfana da ganinsu. Telewizja Polska tana maimaita shirin a tashoshinta lokaci zuwa lokaci, kuma tun da kowane kashi yana tsayuwa da kansa, mai koyon harshen zai iya ɗaukar guda ɗaya, misali na taron iyaye da malamai, ya maimaita shi har kunnensa ya saba.